Kafireto a Fatakwal

Abu na farko da aka koya mini a hanya shi ne in riƙe bakina. Matar da ta tsallakar da mu iyaka, wata mai fataucin kanwa da ake kira Hajiya Tasalla, ta tsayar da mu a gindin wata kuka bayan Ɗan Barto ta ce, "Daga nan ku mutanen Daura ne. Kada in ji wata ta ce jandarma, kada in ji lakwal, kada in ji mushe. Wadda bakinta ya tona ta, ban san ta ba."

Na ce, "Hajiya, ai Hausa ɗaya muke yi da su."

Ta ce, "Ɗaya ce, sai kin zo maganar mota ko ta gwamnati."

Fari ne ya maimaita kansa a shekarar. Soja ke mulki a wajenmu, soja ke mulki a Najeriya, iyaka a rufe, ana kwashe baƙi a manyan motoci ana zubewa a bakin ƙasarsu kamar shara. Mutane na gudowa gida, ni ina kutsawa ciki. Ba yawo ya fito da ni ba. Mijina, uban Rabi, ya tafi cin rani Fatakwal, damina biyu ta wuce bai dawo ba. Ƙanen ubansa, Baffa Lawali, ya faɗa mini a gaban mutane cewa in ruwan shuka ya sauka mai gona ba ya nan, shi zai shuka gonarmu, wai aro. Kowa a Matameye ya san aron Baffa Lawali. Ni kuwa ina da iri. Tulu guda na gero na binne ƙarƙashin gadona na toshe bakinsa da laka, yarana suna cin dusa da tafasa a kansa ban buɗe ba. Sai na kai su wajen innata, na ce zan je in ɗauko mutumin nan kafin hadari ya haɗu.

A Kano na ga matan ƙasarmu zaune a jere gefen titi da ƙorai. Cikinsu har da wata ƴar Kurni da na sani, matar mai garken shanu, wadda a da take aiko wa innata man shanu kyauta. Muka haɗa ido. Ta juya fuska, ni ma na juya. Iyakar suturar da za mu iya yi wa juna ke nan.

A tasha wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗina ya ɗora ni kan motar albasa, ya rantse da kabarin ubansa Fatakwal za ta. Ashe a jikin motar an rubuta inda za ta ɓaro-ɓaro. Lokacin ban san ko alif ba, sai bayan na aurar da Rabi na shiga karatun manya. Na zauna a kan buhuna, albasa na ruɓewa a ƙarƙashina, rana na dukana a sama.

Shingen soja ba ya ƙirguwa. A wani, soja mai jin Hausa ya hau motar ya nuna ni da sanda.

"Ke, daga ina?"

"Daura."

"Wace unguwa?"

"Kusa da rijiya."

Ya yi dariya ya ce wa abokinsa, "Tun safe duk wanda na tambaya kusa da rijiyar nan yake. Garin nan babu mai nisa da ruwa." Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da suka tsage, ya sauka ya ƙyale ni.

Da muka ƙetare babban kogi sai ƙasa ta yi kore har idona ya yi ciwo. Ciyawa ta fi mutum tsawo, dama da hagu, babu dabbar da ke ci. Akuyata ta ƙarshe tsumma take taunawa ranar da ta mutu. Ban ji sha'awa ba, haushi na ji. Na rufe fuska da mayafi na bar kallo.

A Anacha direba ya ce nan ne ƙarshe. Na yi faɗa har muryata ta dushe, babu wanda ya kula. Wata Inyamura mai sayar da abinci ita ta jawo hannuna ta zaunar da ni, ta zuba mini teba da miya mai yaji. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta shimfiɗa mini kwali ƙarƙashin teburinta, da safe ta raka ni har motar Fatakwal, ta yi wa direban kashedi da yatsa. Ban san sunanta ba har yau.

A zangon Hausawa na Fatakwal na shiga wata wahalar. Sunan miji ba ya fita daga bakina, haka aka raine ni. Sunan garinmu kuma Hajiya Tasalla ta hana. Na tsaya gaban masu sayar da goro ina cewa ina neman wani mutum.

Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, sunansa?"

Na yi shiru.

"To mutumin ina ne?"

Na sake yin shiru.

"Ikon Allah. Ba suna, ba gari. Aljani kike nema?"

Na ce dogo ne, baƙi, haƙorinsa na gaba ya karye, in zai yi magana sai ya sosa ƙeya. Suka kwashe da dariya baki ɗaya suka ce, "Mai doki!" Wani ya faɗi sunansa, na sunkuyar da kai, suka gane.

Gadi yake yi a wasu gidajen kamfani da Turawa suka tashi suka bari. Na same shi zaune bakin ƙofa, ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe. Ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Barira? Wa ya mutu?"

"Gonarka ce ke shirin mutuwa. Ba ni ruwa in sha."

Bayan na huta na zayyana masa komai, na tambaye shi ina abin da ya tara. Ya ce in biyo shi. Ya kai ni gindin mangwaro ya yaye wani tamfol. Ashe dokin ke nan, wani jan inji ne mai ƙafa huɗu, da kujera da sitiyari kamar ƴar ƙaramar mota, da wuƙa a ƙarƙashin cikinsa. Fentin ya ɓare, kujerar ta yage an ɗaure da igiya. A jikin sitiyarin ga laya tana lilo.

Ya ce a gwanjo ya saya lokacin da Turawan ke tattara kaya. Hawa ake yi, yana tafiya yana yanke ciyawa. A garin nan ciyawa ba ta barin mutane su huta, masu manyan gidaje da makarantu da coci-coci biya suke yi a yanke musu. Ya yi ƴan makonni yana aiki, sai injin ya fara tari, sai ya mutu. Wai hassada ce.

Na ce, "In an yanke ciyawar, dabbobin wa ake kai wa?"

"Tarawa ake a ƙone. Ko a zuba a kwata."

Na zauna a ƙasa.

Na ce ya bar ƙarfen nan inda yake, mu kama hanya gobe. Ya ce, "Ba zan shiga Matameye hannu rabbana ba, yara su bi ni suna nuna ni. Akwai wani fasto da ya taya, amma sai yana tashi. Ya tashi, in sayar, mu tafi."

"Rantse."

"Haba Barira. Tsakanina da ke sai da rantsuwa?"

Makanikai biyu sun zo, sun ci abin da suka ci, sun tafi. Na ƙarshen ya ce kafireto ne.

Na ce, "Wane kafirin?"

Uban Rabi ya ce, "Ba mutum ba ne. Sunan wani ƙarfe ne a jikinsa."

"To ya ci sunansa."

Shi ba ya iya fita kasuwa, maza ake tarewa a titi ana tambayar takarda. Mace mai mayafi ba a cika dubanta ba. Ya kwance ƙarfen da hannunsa, abu kamar dunƙulen hannu yana warin mai. Na naɗe shi a tsumma na soke a ƙuguna, ya kwatanta mini kasuwar kayan gyara.

Ruwa ake yi ranar, irin ruwan garin nan da ba ya da fari ba ya da ƙarshe. Na bi layi ina kasa kunne har na ji Hausa a wata rumfa. Wani saurayi ne mai agogo da turare. Ya karɓi ƙarfen yana jujjuyawa, ya ce yaya injin yake yi.

Na ce, "In an zuba isansi aka ja igiya, sai ya yi tari ya mutu. An ma canja buji."

Kafin in rufe baki na san na yi. A can fetur suke cewa, fulogi suke cewa. Tun daga iyaka nake gadin harshena, na tsallake soja, na zo na faɗi a gaban yaro mai turare.

Ya yi murmushi. "Isansi. Ashe Hajiya daga Faransa take." Haka suke kiran ƙasarmu. Ya sa ƙarfen a bayansa ya ce motar soja tana ƙarshen layin nan, shi kuwa mutum ne mai tausayi, ba ya son ganin an jefa uwa a mota. Idonsa na kan awarwaron azurfa da ke hannuna, na innata.

Na auna. In na yi ihu, ni za a ɗauka. Na zare na ajiye masa, na fizge ƙarfena, na ce, "Allah ya sa da shi za ka saya wa uwarka likkafani." Murmushin ya ɗauke, amma bai mayar ba.

Ina tafiya ina haɗiye hawaye sai na ji murya daga wata rumfar gyaran janareta. "Ke ƴar isansi, zo nan."

Na ce, "Babu saura. Ɗan'uwanka ya riga ka."

"Zo ki fake, ruwa na dukanki." Wani tsoho ne mai kaurin tabarau. Da na matso sai ya rage murya ya ce, "Ina kwanan Damagaram?"

Sunansa Baba Ari. Ɗan ƙasarmu ne, amma a kasuwar mutumin Haɗeja suka san shi. Ya ce rabon da ya ji an ce buji tun gashinsa na baƙi, da ya ji sai da gabansa ya faɗi. Ya tambaye ni ruwa, ya tambaye ni hatsi, ya tambaye ni ko da gaske ne abin da ake faɗa na shanu. Na gaya masa gaskiya ban rage ba. Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.

Can na ba shi labarin injin da duk abin da muka faɗa a kansa ni da mijina, sai ya ce, "Kawo kafirin naki." Ya shinshina, ya girgiza shi a kunne. "Idona ya tafi, hannuna rawa yake, ƙananan abubuwa sun fi ƙarfina yanzu. Ke za ki yi, ni in faɗa."

Ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci ya ce duk abin da na cire in jera shi bi da bi, don yadda ya fito haka zai koma. Na kwance notin da ke ƙasa, wani ɗan ƙoƙo ya fito. Cikinsa wani jan dafi ya kwanta kamar ƙaro, ga ɗigon ruwa a kai, wari kamar na tsohon fenti.

"Ga hassadar mijinki nan," in ji shi. "Man kwalba na bakin titi, rabinsa ruwa. Ya bar shi ya kwana a ciki damina guda."

A cikin ƙoƙon akwai wani abu kamar ɗan gora mai iyo, da ƴar allura a jikinsa. Ya ce shi ke rufe hanyar mai in ƙoƙon ya cika. Na cire shi a hankali na wanke. Daga nan ya sa na kwance wata ƴar kusa ta tagulla, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Ɗaga ta sama. Kin ga haske ta tsakiya?"

"Babu."

"To nan ne. Ta wannan ramin duk abincinsa ke wucewa."

Na zaro allura daga ɗankwalina. Ya buge mini hannu kamar yarinya. Ya ce allura faɗaɗa ramin za ta yi, injin ya riƙa shan mai kamar raƙumi yana hayaƙi har ya shaƙe kansa. Ya warware wata tsohuwar waya ya ba ni sili ɗaya, siriri kamar gashi. Na jiƙa kusar a mai mai kyau, na zura silin ina murzawa, datti na fitowa kaɗan-kaɗan.

"Kin taɓa zuƙe wa jariri majina da baki?"

"Biyar na haifa."

"To mura ce ta kama shi. Sai dai wannan busawa ake yi."

Na sa a baki na busa har kunnuwana suka toshe. Ɗacin man ya sauka mini har maƙogwaro. Na tofar, na sake. A karo na nawa ne ban sani ba, sai na ji iska ta wuce da ɗan fito. Na ɗaga, ga haske kamar tauraro. Haka na bi kowane rami a jikin ƙarfen. Takardar da ke shiga tsakaninsa da injin ta yage, Baba Ari ya sa na yanka wata daga kwalin sukari. Na mayar da komai yadda na jera.

Ya ce in na koma a zubar da man da ke tanki kaf, a wanke, sabo kuma a tace shi da ƙyalle. Na ce ba ni da abin biya. Ya ce wa ya tambaye ni. Sai na tuna da ragowar goriba a ƙullin guzurina, na ba shi. Bai ci ba. Ya riƙe ta a hanci, ya juya mini baya, na fita.

Washegari muka wanke tankin, na tace man da ɗankwalina, uban Rabi ya ɗaura ƙarfen. Ya ja igiya, injin ya yi tari. Ya sake ja. Ya tofa bisimilla ya ja da ƙarfi, sai ƙara ta tashi, tsuntsayen mangwaro suka watse, ta zauna daram ba ta yanke ba.

Ya daka tsalle ya ce, "Na ce miki layar nan sai a hankali take aiki."

Ni bakina har lokacin ɗaci yake. Ya hau kujerar, ya shiga ciyawar da ta kai gwiwa, yana tafe tana kwanciya a bayansa. Ya kai bango ya juyo. Na ga fuskarsa. Tun ranar da aka kawo ni gidansu ban taɓa ganinsa da irin wannan fuskar ba, kafaɗa a buɗe, haƙorin nan karyayye a waje. Mutane suka taru a bakin waya suna kallo. A nan jikina ya fara gaya mini abin da ban so ji ba.

Faston ya aiko, amma ba saye ba, yanka yake so a yi masa. Bayansa wani mai otal, bayansa wata makaranta, duk a unguwar, inda soja ba sa shiga. Uban Rabi ya ce bari ya yi ƴan kwanaki, mai saye ya ga lafiyar abin, kuɗin ya ƙaru. Kullum ya dawo jikinsa kore da ciyawa, aljihu da nauyi. Ya sayo mini atamfa, ya sayo kifi. Ni ina zaune a ɗakin gadi ina kallon ruwa na zuba a kan siminti, ina tunanin ko a gida sama ta fara duhu.

Ran nan wani direban shanu da ya sauka zango ya ce ya baro hadari a Katsina, an ma yi yayyafi wajen Daura. Na jira uban Rabi ya dawo, na tsaya a gaban injin kafin ya kashe.

"Gobe za mu tafi."

Ya kashe, ya sosa ƙeya. "Barira, zauna mu yi magana ta hankali. Gonar nan me ta ba mu bara? Me ta ba mu bara waccan? Kara ma ba mu samu ba. In ruwa ya sake ɗaukewa fa? Nan kuwa ciyawa ba ta fari. Zan riƙa aikowa, yara su ci shinkafa."

Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Na nemi inda zan kama shi na rasa.

Na ce, "Gonar ubanka ce. A gefenta aka binne cibiyar ƴaƴanka."

"Ki ce wa Baffa ya yi haƙuri zuwa baɗi."

"Ka san Baffanka."

Ya duƙa yana cire ciyawa daga ƙafar injin.

Na ce, "Da na sani da allurar na zura masa."

Da safe ya raka ni har inda yake iya kaiwa, ya cusa mini kuɗin mota da na hatsi. Na karɓa, ba na wasa da cikin yara. Ya ce in gaida kowa. Na ce wanda yake son gaisuwa ya san hanya.

Komowa ta fi tafiya sauƙi, mai fita babu mai tare shi. Tun daga Kano ƙasa take a jiƙe. Na iso Matameye da la'asar na tarar an yi ruwan shuka, kowa na gona. Baffa Lawali ya riga ya shuka gefen kwari, wajen da ya fi riƙe laima. Da asuba na fasa bakin tulun, na ari sungumi wajen maƙwabci, na kama gefen tudu. Ina sara, Rabi na bina tana zuba iri tana rufewa da diddige. Baffa ya zo ya tsaya a kan iyaka da hannu a baya.

"Mace da sungumi? Ina mai gonar?"

"Yana aiki. In an yi maka laifi, mai gari na nan."

Bai je ba, ni ma ban je ba. Kwarin ya tafi ke nan, har yau jikokinsa ke nomansa. Tudun ya ba mu abin da ya kai mu tsakiyar rani, saƙon Fatakwal ya cike sauran, wani watan ya zo, wani watan ya ƙi.

Da shekara ta zagayo, ina gona ranar ruwan farko, sai ga wani mutumin Dawce da ya dawo daga kudu ya biyo ni har can. Ya ce uban Rabi na gaishe ni, yana lafiya. Ya ce injin ne ya sake tari, tsohon nan na kasuwa kuma ya rasu, makanikai sun gagara. Wai in samu hali in zo, ni na san kansa, ga kuɗin mota ya bayar.

Na karɓi kuɗin na ƙulle a bakin zani. Na tofa yawu a tafin hannu na ɗauki sungumi.

Na ce, "Ka ce masa ina shuka."